Ranar da Taubashina Ya Zo Zaɓen Akwati

Ni cutar da na kwaso a yawon duniya ba ta ciki ba ce, ta kunne ce. Wasu in sun je Dubai su dawo da agogo, wasu da turare, wasu da tumbi. Ni duk shekarun da na yi ina saro kayan wuta tsakanin can da Chaina, abin da na ajiye wa kaina akwatuna biyu ne, kowanne bai fi sandar sabulu uku a haɗe ba, sai hedifon mai rufe kunne ruf da wani ƙarami na tafiya.

Aikin akwatin ba wani abu ba ne. Ka jona shi da kwamfuta ko waya, ya karɓi kiɗan da ke ciki ya mai da shi sauti, amfilifayar da ke cikinsa ta ƙara masa ƙarfi ta turo maka a kunne. Shi ke nan. Amma mu masu wannan cuta sai mu wuni muna musun wanne ya fi wanne. Nawa ɗaya fari ne, ɗaya baƙi. Farin sautinsa tas yake, sai dai salam, kamar kunun marar lafiya. Baƙin kuwa yana da ƙwayayen gilashi biyu a ka, in ya ɗau ɗumi su yi ja kamar garwashi, ganga ta fito da kauri, murya ta zo da maiƙonta. Baƙin nan ko mai ɗakina ban yarda ta goge shi ba.

Da na gaji da hawa jirgi sai na dawo ƙauyenmu kusa da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ka yi atishawa a taka a amsa maka daga ta maƙwabci. Na kafa sola, na sa tebur a shagon ƙofar gida, na jera kayana. Kuskuren da na yi ɗaya ne: na bar ƙofa a buɗe.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, dillalin tumaki ne a kasuwar mako. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yawo ba wando yake kirana bawansa. Hulata ta farko mai aiki shi ya cire ta daga kaina ranar sallah. Da na kai ƙara wajen Inna sai ta ce, "Ɗan yayana ne, bar masa." Har yau da furfura a gemuna amsarta ba ta canza ba. Abin da taubashi ya ɗora wa hannu cikin wasa, in ka hana, kai ne abin zance a dangi.

Wata safiya da kaka, an gama yankan gero, sai ga shi a kan babur, warin raguna na biye da shi. Ya leƙo shago ya tsaya.

"Bawana, kai ɗaya gare ka, me kake da akwati biyu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba rediyo ba ce. Ba za ka gane ba."

"To ɗaya nawa ne. Wanda ya fi daɗi. Kunna min in zaɓa."

Farin, in ya so, in rako shi da shi har bakin titi. Baƙin nake tsoro.

Sai na tuna wata dabara da wani mai shago ya koya min a Chaina, da hannu da ka, tunda ba ma jin yaren juna. Kunne wawa ne. In ka ɗan ƙara wa akwati ɗaya murya, kaɗan yadda ba za a lura ba, kunne sai ya rantse shi ya fi. Na faki idonsa na murɗa wa farin, na rage wa baƙin.

Na ce ya cire hula. Ya ce shi bawa ba ya sa shi cire hula. Haka na ɗora masa hedifon a kan hular, ya zauna masa kamar mangala a bayan jaki.

Abin da na kunna masa wani tsohon kaset ne da na juye a kwamfuta. Ina saurayi na ɗauke shi da rikoda ranar wata gayya a gonar kawu, Allah ya jiƙansa. Gangar noma ce, da ihun samari, da ƙarar garma a ƙasa mai danshi. Can tsakiya sai muryar kawu ta ratso: "Kai, ku miƙe min kunyar nan, ba maciji zan shuka ba!"

Na fara da farin. Ina tsaye a kansa ina zuba bayani kamar mai tallan maganin basir. "Ji yadda gangar ke fita. Ji sarari. Wannan shi manya ke nema. Wancan tsohon yayi ne, zafi yake, ga cin wuta."

Da aka zo wajen muryar kawu sai ya ɗaga min hannu. Ya kalli ƙasa ya daɗe, sannan ya ja hanci ya ce wai ƙaiƙayi ne ya shigar masa ido, alhali ko sussuka ba a fara ba a unguwar. Ya ce in mayar baya. Na mayar.

Sannan na jona baƙin. Shi ban yi masa talla ba. Ya saurara kaɗan, ya cire hedifon, ya miƙa hannu ya dafa baƙin akwatina kamar yana taɓa gadon bayan rago.

"Wannan."

Na ce, "Haba! Ai farin ya fi fita. Ko kunnenka ya toshe da kukan tumaki?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kai bawana, shekara nawa ina dillanci? Mutum ya kawo raguna biyu kasuwa, ni ba rago nake fara kallo ba, mai ragon nake kallo. Wanda yake ta yabo, shi yake so ya rabu da shi. Wanda yake so kuwa, sai ka ga ya tsaya tsakaninka da shi, yana shafa masa wuya bai sani ba. Tun da na shigo ka kare baƙin nan da ƙugunka. Sau biyu kana goge shi da hannun riga."

Na kalli hannun rigata. Wallahi a kan akwatin yake.

Na koma lallashi. Na ce masa wannan abu sai mai kunne, shi ko na ba shi ɓata shi zai yi, ni kuwa ko a cikin barci na san muryar baƙin nan.

"Ko a cikin barci?"

"Ko a kabari."

"To an gama. Daidaita min muryarsu, don na ga abin da ka murɗa ɗazu. Zan rufe maka ido in riƙa canza wayar. Sau uku. In ka faɗi daidai, na bar maka duka biyun, in tafi da kaza."

Na amince da sauri, har ina jin tausayinsa. Na nuna masa ramin da ake cusa wayar hedifon a kowanne, na ɗora hedifon a kaina. Ya ciro rawanin da yake ɗaure wa a ƙugu in zai hau babur, ya naɗe min fuska. Wannan rawani, in aka jiƙa shi, ruwan zai yi taki.

Na ji ƙwas, ya cire waya ya cusa. Ganga ta taso.

"Baƙi," na ce. "Ji kauri. Ji ɗumi."

"Uhm."

Ƙwas kuma. Na saurara, na taɓe baki. "Fari. Ka ji ai, salam. Kamar an wanke gangar da omo."

"Sannu, Malam mai kunne."

Na uku ko jira ban yi ba. "Baƙi! Haba, ai ga maiƙon nan har yana ɗiga."

Ya kwance min rawani. Wayar na cikin farin. Baƙin kuwa yana can gefe, ƙwayayensa sun huce, ashe tun farko ya zare masa wuta ya ajiye.

"Rago ɗaya na zagaya da kai sau uku," in ji shi. "A kasuwa ma haka muke wa 'yan birni masu gilashi. A bi da shi ta bayan rumfa a dawo, su ce wannan ya fi na ɗazu ƙiba."

Na ce rawanin ne ya danne hedifon. Na ce warin ne ya hau min kai. Mai ɗakina, da ta kawo mana fura ta tsaya a bakin ƙofa tun zagaye na biyu, ta ajiye kwanon ta koma ciki da gudu, ina jin dariyarta har madafa.

Ya sha furarsa, ya sa na tura masa kaset ɗin kawu a wayarsa, na ba shi wayar jonawa da wani ƙaramin hedifon da nake tafiya da shi. Ya naɗe baƙin a rawanin nan, ni ina kallo, ya ɗaure a bayan babur da igiyar da yake ɗaure ƙafar tumaki. Na ce don Allah ya bi ramuka a hankali, gilashi ne.

Da ya tayar da babur na riƙe masa hannu. "Tsakaninka da Allah, wanne ya fi daɗi a kunnenka?"

Ya ce, "Duka biyun Baba ne ya yi faɗa a ciki. Ni ban ji bambanci ba."

"To me ya sa ba ka ɗauki farin ba?"

"In ɗauki wanda ba zai yi maka ciwo ba? Ina amfanin taubashi?"

Yanzu duk Juma'a in an sauko, nakan biya ta gidansa. Yana ajiye da baƙin a kan wata kujerar tsugunno, ya rufe shi da faifai saboda kaji. Ya kunna min, ƙwayayen su yi ja, kawu ya sake hana samari shuka maciji. Ina nan a kan bakana, baƙin ya fi. Shi kuma duk sanda na faɗi haka sai ya fara kwance rawani, ni kuma in tuna ina da uzuri a gida.