Yunit Biyu da Ranar Gayya

Komai daɗewar da zan yi a duniya, yammacin da muka yi wa ƙanena walimar gama digiri ba zai fita daga raina ba. Muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, an fito da farantan shinkafa, liman ya gama addu'a ke nan, sai ga wani saurayi a kan babur. Abokin karatun ƙanena ne, daga Bacirawa. Ya gaida manya, ya dubi taron, ya yi murmushi ya ce, "Suna ake yi? Wa ya haihu?"

Na ce masa da alfahari, "Abokinka ne ya sauke digiri."

Yaron nan bai san komai ba. Ya juya wurin ƙanena da murnarsa ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe sun yafe maka kwas ɗin da ba ka zana ba? Ai ni da ban ga sunanka cikin waɗanda suka gama ba, shi ya sa na zo in duba ka."

Hannuwa suka tsaya a cikin faranti. Ƙanena ya sunkuyar da kai. Ni kuwa nan take na gane kwas ɗin da ake nufi, har da ranar da aka yi jarrabawarsa.

Bari in koma baya kaɗan. Ni iyakata firamare. Da Baba ya rasu, gona da gida suka dawo wuyana, muka yi shawara da Inna cewa ƙanena ya ci gaba da jami'a, inda yake karanta ilimin noma. Ya taɓa yi mini bayanin tsarinsu. Ya ce kowane kwas yana da nauyinsa, ana ce masa yunit, wani uku, wani huɗu, kuma sai ɗalibi ya tara adadin da aka yanka kafin a ba shi digiri. Na ce kamar a cika buhu da kwano ke nan, ya ce haka ne. Ya ƙara da cewa akwai kwasa-kwasan gama-gari da kowa yake yi, ko likita zai zama ko malami. Wannan ɓangaren ban tsaya na saurara da kyau ba. Ɗaya daga cikinsu ya kuɓuce masa a makon rasuwar Baba, ya yi ta karo da wasu darussa, har ya bi shi zuwa shekarar ƙarshe.

Shekarar kuwa ta yi tsanani. Ruwa ya ɗauke da wuri, abinci ya yi tsada, har ana bin gonaki ana yanke kan gero. Abin da ya nuna a gonarmu shi ne abincinmu na shekara, don haka na kira gayya ranar Asabar a girbe shi gaba ɗaya. Ana jibi gayyar, ƙanena ya same ni ina wasa magirbi.

"Yaya, ranar Asabar ina da jarrabawa da hantsi."

"Ta noman ce?"

"A'a, ta gama-garin nan ce. Yunit biyu."

Na yi dariya na ce, "Biyu kacal? Kai da ka ce buhunka har ya zuba? Wannan ai nafila ce, tunda ka sauke farillanka. Mutane za su bar gonakinsu su zo su yi mana aiki, a ce ɗan gida yana birni?"

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce, "To, Yaya."

Daga baya Inna ta faɗa mini ya ɓoye rigarsa a leda a gindin ɗorawa, da niyyar ya yi aiki da sassafe ya sulale ya hau mota zuwa Rijiyar Zaki, inda jami'arsu take. Ni kuwa da hannuna na ja shi na sa shi a sahun gaba. Makaɗi ya gan shi ya kama kirari, wai ɗan boko ya riƙe magirbi, samari suna ihu suna cewa a ga ko alƙalami ya kashe masa hannu. Ta ina zai fita? Na ga yana ɗaga kai yana duban rana, na ɗauka gajiya ce. Rana ta take, aka kawo fura, ya sha tare da kowa.

Da ya dawo gida da kayansa bayan sauran jarrabawa, ban tambaye shi komai ba na je na gaya wa liman a sanar da walima. A gidanmu duk wanda ya sauke Alƙur'ani ana yi masa, na ga wannan ma sauka ce. Ya ce, "Yaya, da an bari sakamako ya fito." Na ce kunya ce irin ta yara, na wuce na sayo ɗan akuya.

To, mu dawo kan tabarma. Wani dattijo mai son barkwanci ya ce, "Ashe da saura muka ci shinkafa?" Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Liman ya tambayi baƙon, shi kuma ya bayyana cewa ko ɗalibi ya tara yunit fiye da kima, in bai ci wannan kwas ba, babu digiri. Liman ya gyaɗa kai ya ce, "Haka yake ko a allo. Wanda ya tsallake sura, komai gajartarta, ba a ce ya sauke ba. Ku ci abinci, sadaka ce." Sannan ya dubi ƙanena ya ce, "Me ya hana ka zanawa?"

Maganar tana bakina. Kafin in furta, ƙanena ya ce, "Sakacina ne, Malam. Na manta ranar."

Na bar shi da laifin. Daga ranar yara suka laƙaba masa Saura Biyu, yana ji yana murmushi ya wuce.

Sau ɗaya ake ba da kwas ɗin a shekara. Na yi masa alkawarin ni zan kai shi da kaina ranar jarrabawa. Ya ce, "Allah Ya kai mu, Yaya." Sai aka shiga yajin aiki, jami'a ta zauna a rufe watanni. Damina ta faɗi, zazzaɓi ya kama shi, kafin a buɗe makaranta mun kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa.

Abin da na koya shi ne, in na ƙasa da kai ya ce maka "to" da sauri, ka sake tambayarsa, domin ladabi yana hana yaro faɗin abin da zai cece shi. Kuma abin da ba ka san nauyinsa ba, kada ka yanke masa hukunci don ka ji adadinsa kaɗan ne.

Yunit biyun nan suna nan ba a zana su ba. Ni ma har yau ban tsaya a gaban mutanen da suka zauna a tabarmar nan na gaya musu cewa bai manta ranar ba.