Naman da Muka Binne a Maamobi

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai kun ji ni shiru. Yau zan faɗi dalili.

Wata safiya na cire singileti zan yi wanka, sai na ga ɗigon jini a jikinta. A kan nonona na hagu akwai ɗan tsiro, ja, kamar ƙwayar wake. Ba zafi, sai ƙaiƙayi.

Ciwon dajin nono ne ya kashe mamanmu. Har yau ban manta warin ɗakinta ba.

Amma ni namiji ne, walda nake yi a unguwar Kokomlemle. Wa zan buɗe wa riga? Sai na je wurin Baba Wanzam, wanda ya yi mini kaciya. Ya ce, "Mataccen jini ne, ɗana. Kauda kai." Ya sa aska. Muka naɗe naman a tsumma, muka binne shi a bayan gidanmu a unguwar Maamobi, yadda muka saba.

Bayan wata biyu tsiron ya dawo, ya fi na da girma.

Yayata Hajara ce ta ga jini a rigata cikin wanki. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Sa takalminka."

A asibiti mai gadi ya ce, "Maigida, maza a waje suke jiran matansu." Na ce ni ne mara lafiyar.

Likita ta duba, ta ce, "Ina wanda aka yanke?" Na ce yana cikin ƙasa. Ta ajiye biro. "Da shi ka kawo, da tuni mun san ko daji ne. Yanzu wurin ya yi mugunya, sai ya warke mu ɗebi wani."

Sati uku ina shan magani. Aka yi hoto, aka yanki nama. Katin inshora bai ɗauki gwajin ba, na sayar da wayata. Sai jira. Kullum in shafa hammata, don can ciwon mamanmu ya bi.

Ba daji ba ne. Tsiro ne da ba kasafai ake gani ba, balle ga namiji. An cire shi har da kan nonon. Tabo ne a wurin yanzu.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitata da nas-nas da alheri.

Maza, mu ma muna da nono. In ka ga tsiro ko jini, je asibiti. Kar a yanke a gida, kar a binne.

Ranar da aka karanta mini sakamakon, Hajara na zaune. Akwai kuma Anti Rabi mai sayar da koko a unguwar Nima, da ke bayana a layi. Ta yi mini barka kafin ta shiga. Da ta fito muka ji cewa ita tata takardar ta nuna daji ne. Ku sa ta a addu'a.