Mai Usur Ya Ci Jarrabawa

Rabin rayuwarsa Mai Usur ya yi shi ne a filin makaranta yana koyar da motsa jiki. Yaron da ya ce ƙafarsa na ciwo, gudu ake ƙara masa. Har ya yi ritaya ba wanda ya taɓa jin ya ce wash.

Da hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu, 'yarsa ta kai shi gidan kula da tsofaffi. Aka ba shi gado kusa da taga, maƙwabcinsa wani tsohon mahauci, sarkin raki. Ma'aikata ke yi wa Mai Usur wanka, su sa masa riga, shi kuwa yana yi musu gyara.

Wata safiya likitar gashin ƙashi ta zo tantance waɗanda ke bukatar atisaye. Ta fara da mahauci. Tun kafin ta taɓa shi ya fara salati.

"'Yar nan, komai nawa ciwo yake, har gashin gira."

Mai Usur ya ja tsaki. Da ta iso kansa ta ce, "Baba, kana iya wanka da kanka?"

"Da wa zai yi mini?"

Ma'aikaciyar da ta gama cuɗa shi ɗazu ta buɗe baki, ya watsa mata harara, ta rufe.

"Za ka iya tashi ka taka?"

"Ni kike tambaya? Iyayenki ma ni na koya wa gudu."

Ya dafa ƙarfen gado, ya cije leɓe, ya miƙe. Ya ja ƙafar nan har bakin ƙofa, gumi na tsatsafo masa, yana murmushin ƙarfin hali. Likita tana sauri, tsofaffi da yawa na jiranta. Ta ce masha Allah, ta wuce. Tana fita ya zube a kujera, kwana ya yi ƙugunsa na zugi.

Sakamako ya fito: Mai Usur ba ya bukatar komai. Har keken guragun da ake tura shi a ciki aka ba wani. Mahauci kuwa ya samu gashi, da tausa, da sandar dogarawa.

'Yarsa ta zo kamar ta tashi sama. "Baba, wa ya aike ka? Sun ce sai wata tantancewar, baɗi!"

"Ke dai ba na ci jarrabawar ba? Duk ɗakin nan wa ya kai ni?"

Yanzu kullum sai ya sa a zaunar da shi a ƙofar ɗakin atisaye, wai yana duba aikin yara. Yana ta ɗaga murya: "Miƙe gwiwa, ragon banza!" A ƙarƙashin bargon da ya rufa a cinya kuwa, ƙafarsa ta hagu na ƙoƙarin kwaikwayon abin da suke yi.

Kafin shekara ta zagayo mahauci ya ajiye sanda. Shi ke ɗauko wa Mai Usur fo na ba-haya da safe, yana tafe yana raki.