Ranar da Muka Jefa Tsakuwa Kan Burtali

Ina koyarwa a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, can gefen Tabla, rigimar burtali ta tashi. Makiyaya masu gangarowa daga Sanam suna son hanyar kai shanu rijiya, gonakin hatsi kuwa sun cinye tsohuwar.

Muna da kwanseye, wakilin da muka zaɓa da hannunmu. Tun da ya hau kujera ya tare Filinge, ya aje tumbi, gaisuwarsa ta gajarce. Ya zo da takarda, wai sun zauna sun ja layin sabon burtali. Da na karanta wa jama'a, sai ga layin ya ratsa tsakiyar maƙabarta. Shi da uwarsa ke kwance a wurin!

Wan babana, dattijo marar yawan magana, ya ce a tambayi gari. Kwanseye ya yi dariya.

"Baba, mi talakka ya sani ga wanga aiki? Ai don hakanan kunka zaɓe mu."

"Mun aike ka ne," in ji tsohon. "Ba mu ce ka riƙe muna hankalinmu ba."

Mako guda ana musu a bakin rijiya da kasuwa: a bi ta arewa ko ta fadama? Matan da kwanseye ya raina, su suka tuna mana fadama takan cika da damina har ɗan maraƙi ya nutse.

Ran Juma'a aka aje ƙwarya biyu cikin rumfa, ɗaya ta arewa ɗaya ta fadama, aka kare da tabarma. Kowane baligi, mace da namiji, manomi da makiyayi, ya shiga ya jefa tsakuwa guda. Aka zazzage gaban kowa.

Arewa ta ci, ta kuwa yanki gefen gonarmu. Ni fadama na jefa wa, don son kai. Na ji zafi ƙwarai, amma da idona na ga tulin tsakuwar, ban da wanda zan zarga. Ni da wan babana muka matsar da iyakar, har yau ba wanda ya sake noma wurin.

Kwanseye bai jefa ba, wai yana da taro. Daga baya muka ji ya miƙe gaban manya a Filinge yana cewa dabararsa ce. Shi ya sa in na ji wani mai babbar riga a rediyo yana rantsuwa ƙuri'ar raba gardama ta fi ƙarfin mutanen karkara, nakan yi tsaki in juya tasha.