Kwaɗin Fadama a Randar Inna

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta ranar da na tura hannu cikin randar Inna ba. Yanzu haka da nake rubutawa, tsigar jikina tashi take yi.

Shekarar da na gama sakandare ce, ina zaune gida a Lahodu ba abin yi. Sai na riƙa tara yaran unguwa gindin dalbejiya da la'asar, ina koya musu su tsince leda kada awaki su ci, su zuba wa dashen itace ruwan alwala, kuma kada su jefi kwaɗo, domin yana cinye sauro da ƙwarin albasa. Maganar kwaɗon na fi nanatawa, har da buga ƙirji, alhali ni ko a littafi na ga hotonsa rufe shafin nake.

Ran nan Kawu ya shirya feshin albasarsa a fadama. Yaran suka ce maganin zai kashe kwaɗin, suka riga shi zuwa, suka bi fangali-fangali suna tsinta a riga. Wurin sanyi kuwa a gidanmu ɗaya ne, randar Inna, nan suka ɓoye su ban sani ba.

Na dawo da ƙishi, na tura moɗa. Wani abu mai laushi ya ɗare bayan hannuna ya zauna. Ihun da na kurma, maƙwabta da sanduna suka shigo, sun zaci maciji ne. Suka same ni tsaye bisa turmi, takalmi ƙafa ɗaya.

Inna ta leƙa randa. "Wanga aikin wa na?"

Hassi, ƙaramar cikin yaran, ta ce, "Mu munka kawo su, Inna. Adda ta ce abokanmu na."

"Abokanku? To ga Addar can bisa turmi, murna takai."

Aka kwashe da dariya, amma Inna ba wasa take ba. Ta ce a kashe su, karatun gindin dalbejiya ma ya ƙare, sai fa in ni zan fid da su da hannuna.

Hassi ta ɗago ido ya cika da ƙwalla. "Adda, mi za mu yi?"

Wallahi na so in ce a kashe. Amma na san in na faɗa, gobe ko leda ba mai tsinta. Na sauko, na rufe ido, na riƙa damƙo su ina jefawa a bokiti, babu addu'ar da ban karanto ba, har ta cin abinci. Muka kai su bakin ruwa nesa da feshin, na dawo na wanke randa, na cika ta ni kaɗai.

Har yau tsoron kwaɗo nake ji. Amma daga ranar na gane yara ba sa ɗaukar magana rabi. Duk abin da zan ce su kare, sai na tabbata ni ma zan iya riƙe shi a hannu.