Wai Kunne Ya Saba

A da, ƙanena Hamisu ne ke fara jin rugugin hadari tun yana can nesa. Yanzu, bayan shekarun da ya shafe a gindin injin niƙa, sai ka dafa shi kafin ya san kana magana. Shi ya sa na matsa mu je Zariya a duba shi.

Malumfashi

Mun fito bayan sallar asuba. A tasha direba ya tambaye shi, "Alhaji, gaba za ka zauna ko baya?" Hamisu ya ce, "Lafiya lau." Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

Funtuwa

Muka wuce Bakori da shingayen jami'an tsaro, muka sauka Funtuwa hantsi bai yi ba, muka karya da koko da ƙosai. Kusa da mu ana casar masara da inji, ƙara kamar ta tsaga kai. Na toshe kunnuwana.

"Yaya, yawon duniya ya lalata ka," in ji Hamisu. "Mu kunnenmu ya saba."

Haka masu inji ke faɗa, har da alfahari. A Jidda na ga masu irin wannan aiki da marufi a kunne. Mu nan, a garin auduga, in ka cusa ɗan ƙulli a kunne sai a ce ka cika raki.

Zariya

Likitar mace ce. Ta sa masa na'ura a kunne, ta yi ta sakin ƙara, gajera da doguwa, sannan ta juyo gare ni.

"Baba, akwai wata 'yar tsoka a cikin kunne. In ƙara mai ƙarfi ta zo, sai ta ɗaure, ta rage abin da ke shiga. In ƙarar ta zo farat ɗaya, kamar harbin bindiga, ta shige kafin tsokar ta motsa. In kuma ta daɗe, tsokar ta gaji ta saki. Ba a halicce ta don aikin wuni guda ba."

Na ce, "To, sabon da ake cewa kunne yana yi fa?"

"Ba sabo ba ne. Jin ne ya tafi, shi ya sa ƙarar ta daina damunsa."

Hamisu ya ja mini riga. "Me ta ce?"

Na yi tafinta a ƙasashe da dama, amma ranar na rasa lafazi mai taushi, domin mai taushi ba ya isa gare shi. Dole na ɗaga murya, har na bakin ƙofa suna ji: "Ta ce ba zai dawo ba!"

Komawa

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya kafin magariba, da likitar da ba ta ɓoye mana gaskiya ba. Washegari Hamisu ya koma inji da marufin kunnen da ta ba shi, don iyali sai sun ci. Kunnen hagu ya tafi ke nan. Duk mai magana da Hamisu yanzu ta damansa yake zama.