Wanda Na Bari Yana Barci a Ɗakin Ƙarfe

Yayar mijina ta tare a ɗakina tun ranar da aka kai shi makwancinsa. Ta zo da jakarta da butarta da wata ƙatuwar darduma, ta shimfiɗa ta daidai inda nake bi in je bakin taga. Cewa aka yi ta zo taya ni zaman takaba, amma ni na san gadi ta zo yi. Tun ina amarya jininmu bai haɗu ba, kuma rasuwar ƙaninta ba ta gyara komai ba, sai ma ta ba ta wurin zama a tsakiyar ɗakina.

Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, wannan gaskiya ne, kuma ba ta taɓa barin kowa a Zongo ya manta ba. Dilar gwanjo take kwancewa a kasuwar Hédzranawoé, kuma yadda take ɗaga riga ta duba wuya da hammata tana neman yaga, haka take duban mutum. Tawa yagar ta daɗe da gano ta. Na yi shekaru a gidan ban haihu ba, ina koyar da Faransanci a makarantar unguwa, sannan a cewarta na shagaltar da ƙaninta da wasan kwamfuta kamar wasu yara.

Shi ne ma ya koya mini wasan, amma wa zai gaya mata ta ji? Gyaran waya da kwamfuta yake yi a wani shago wajen Agbalépédo, shi da abokin aikinsa, kuma kwamfutar da ke ɗakinmu da hannunsa ya harhaɗa ta. A wasan, jirgi ne ya faɗo da kai wata duniya mai ƙanƙara wadda babu iskar shaƙa. Sai ka haƙo ƙarfe, ka gina ɗaki, ka kafa injin da zai ba ka iska, ka shuka abin da za ka ci a ƙarƙashin gilashi. Kowa da mutum-mutuminsa da yake juyawa. Idan na taso daga makaranta sai in shiga daga gida, shi kuma in ya samu sarari ya shigo daga shago, mu haɗu a can. Muka gina gida guda, ƙofarsa ba ta buɗe wa kowa sai mu biyu. Akwai wani ɗan ɗaki a bakin shiga inda ake kakkaɓe sanyi kafin a wuce ciki, shi ya raɗa masa suna zaure, har da ajiye benci biyu na baƙin da ba za su taɓa zuwa ba.

Duniyar nan a intanet take, tana tafiya ko kana nan ko ba ka nan. In ka fita daga wasan, mutuminka ba ya ɓacewa, kwanciya yake yi ya yi barci a inda ka bar shi. Muddin rufi na nan kuma injin iska na aiki, ba abin da zai same shi. Ranar da mota ta buge mijina a kan babur a hanyar dawowa gida, da la'asar mun haɗu a can. Ya kwantar da mutuminsa a gado, ya rubuto mini cewa in ɗora shayi ga shi nan tafe.

Bayan an share makoki, jama'a sun ragu, na kunna kwamfutar na same shi inda ya bar kansa. Yana kwance a gefen dama, ƙirjinsa na ɗagawa yana sauka. Na san zane ne. Ni malama ce, ba mahaukaciya ba, kuma na san inda mijina yake. Amma a duk duniya nan ne kaɗai wurin da ya rage abu bai canza ba tun daga waccan la'asar. Na san lambar sirrinsa, ban taɓa shiga da ita ba, domin in na shiga ni ce zan tashi a jikinsa, ba shi ba. Sai in shiga da tawa, in duba injin, in tsaya a bakin gadon na ɗan lokaci, in kashe.

Da a haka abin ya tsaya, da ba ta kama ni ba, domin na iya auna lokacin da take fita kewaye ko ta tsaya surutu da matan gida. Ƙarin wasan ne ya tona ni. Masu wasan sun daɗe suna alkawarin fitar da wani sabon ɓangare da za a ɗora a kan tsohon, mijina ya yi ta ɗokinsa har ya saya mana tun kafin ya fito. Bai gan shi ba. Ina tsakiyar takaba abin ya sauko da kansa. Ya zo da sababbin motoci da wani tsauni da ake hawa, duk ban damu da su ba. Ya kuma zo da ruwan guba, wani koren ruwan sama da ke sauka yana cin ƙarfe. Gidan da a da yake riƙe kansa, yanzu sai an hau rufinsa kullum an yi faci. In aka bar shi, rufin zai huje, iska ta fice, wanda ke barci a ciki ya mutu. Kuma wasan bai yarda ka ɗauki mai barci ka canza masa wuri ba.

Don haka leƙawa ta koma aiki. Kullum da hantsi sai na haƙo ƙarfe, na narka, na hau rufi. Ba abu ne da ake gamawa kafin mutum ya dawo daga kewaye ba.

Wata rana ina kan faci na ji tsayuwarta a bayana.

“Ke, mene ne wannan?”

“Aiki nake yi, Yaya.”

“Aiki. Mace tana takaba, ba kwalli ba turare, amma tana yawo cikin ordinatar? Wasan yovo, wasan Turawa, a ɗakin mamaci? Ko da wani kike magana a ciki?”

Wannan ta ƙarshen ita ta ƙona mini rai. Na ce ta matso ta ga wanda nake magana da shi. Na sauko daga rufin, na bi ta zaure, na shiga ɗakin, na tsaya a kan gadon. Mijina ya ɓata lokaci wajen ƙera fuskar nan, har da ɗan gemunsa da tabon da ke girarsa.

“Ga ƙaninki nan,” na ce mata. “In ban yi faci ba, ruwa zai cinye rufin a kansa.”

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ja da baya tana salati, ta ce in kashe, in kashe yanzu. Ta ce mutum ya tafi gaban Ubangijinsa ni kuma na ɗaure hotonsa yana numfashi, wane irin rashin imani ne wannan. Ta ce da gidan gaske na cika masa da 'ya'ya, da yau ba gunki nake gadi ba. Ni ma ban raga mata ba. Na ce gidan ƙarfen nan ya fi samun kwanciyar hankali a cikinsa fiye da duk ranar da ta kawo mana ziyara. Matan gida suka cika bakin ƙofa, ba wadda ta goyi bayana, domin rabinsu a wurinta suke sarin kaya.

Washegari ina wanka ta kira mai zemijan, wato ɗan acaba, aka ɗaure akwatin kwamfutar a bayan babur aka kai gidanta can Bè-Kpota. Na fito na tarar da allon kawai da wayoyi suna reto. Ko kallona ba ta yi ba, tana jan carbi ta ce kayan mamaci ne, kuma kayan mamaci ajiye su ake yi sai ranar rabon gado. Agogonsa na kan tebur, takalmansa na bakin ƙofa, babu wanda ta tuna cewa kayan mamaci ne sai wannan.

Na tsane ta a ranar, tsana ta gaske, irin wadda ke hana mutum haɗiye abinci.

Na aika aka roƙo mini limamin masallacinmu, dattijon da ya koya wa mijina karatu. Ya zauna a bakin ƙofa, ni ina daga ciki, ita tana gefe ta sha mur. Na kwashe komai na gaya masa. Bai yi dariya ba, kuma har yau ina ganin girmansa saboda haka. Ya ce shiga wasa ba fita ba ce, ba ta karya takaba, tunda ƙafata ba ta taka waje ba. Har na fara jin sanyi. Sai na tambaye shi ko zan iya zuwa shagon mijina da rana in yi facin a kwamfutar can, tunda mai takaba tana fita in lalura ta kama. Ya ce:

“'Yata, lalura ita ce asibiti ko abin da za ki ci. Wannan ba zan iya kiransa lalura ba. Ki yi haƙuri da yayarki, ita ma rashi ta yi.”

Ya juya ya ce mata in da hali ta mayar da akwatin. Ta ce to, Malam, in sha Allah. Na san irin wannan in sha Allah ɗin, da shi take sallamar masu taya kaya a kasuwa.

Na kira abokin aikin mijina a waya, na ce zan ba shi lambata ya riƙa shiga yana facin, ba zai ɗauke shi lokaci ba. Ya yi ta kame-kame.

“Madam, pardon, kar ki sa ni tsakaninki da Hajiya. Ga kuran ma yana yawan tafiya kwanan nan.”

Wutar lantarkin ba ta hana shi kallon ƙwallo a kwamfutar ba, wannan na sani. Tsoronta kawai yake ji, kamar kowa.

Sauran fiye da wata guda in fita, ga damina ta kankama. Duk sanda ruwa ya sauka a kan kwanon ɗakinmu, ni wani rufin nake ji. Na san kusurwar da za ta fara hujewa, ta saman lambun, inda ƙarfen ya fi siranta. Ita kuwa tana zaune a dardumarta tana ba ni umarni, in rage murya, in ja mayafi, kar in tsaya a taga. Muna ci a kwano ɗaya ba mai ce wa wani uffan. In ta yi mini sannu, sai in ji kamar ta zage ni.

Sau ɗaya na kai har bakin ƙofar gida. Ta tafi kasuwa duba dila, tsakar gida ba kowa, na sa hijabi na fito. Masu babur na wucewa, ɗaga hannu kawai zan yi. Na tsaya riƙe da ƙyauren. Takabar nan ba don ita nake yi ba, don shi nake yi, ita ce abu na ƙarshe da aka ce haƙƙinsa ne a kaina. Facin ma don shi ne. Aka sa ni zaɓar ɗaya, kuma ba Allah ne ya sa ni wannan zaɓin ba, mace ce mai gida a Bè-Kpota. Na koma ciki na cire hijabin.

Ranar fita takaba aka yi mini wanka da safe, na sa sabon zani, aka soya masa aka raba sadaka. Mazan dangi sun riga sun zauna kan rabon gado, ba wanda ya nuna sha'awar tsohuwar kwamfuta, suka ce a bar wa matarsa. Sai ga akwatin a bayan babur, an naɗe shi da atamfa kamar kayan lefe. Yayar mijina ta sa aka ajiye a gabana, a gaban mutane, ta ce ga amanata ta dawo lafiya, ko ƙwarzane babu.

Ban jira baƙi sun watse ba. Na shiga ɗaki na jona wayoyin. Tawa mutuniyar ta riga ta mutu, don haka wasan ya tashe ni can nesa, wurin tarkacen jirgi, na tako da ƙafa cikin ƙanƙara. Zauren na nan, da bencinsa biyu. Daga nan kuwa sai sarari. Rufin ya tafi gaba ɗaya, lambun ya zama baƙin ƙasa, injin ya yi tsatsa. Gadon na nan, koren ruwa na ɗiga a kansa, babu kowa.

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba kafin na ji motsi. Ita ce a bakin ƙofa, ta saki labule a bayanta don kada a gan ta. Muryarta ta yi ƙasa, ba irin ta kasuwa ba.

“Yana nan?”

Ashe duk makonnin nan tana tunaninsa. Ashe ita ma so take ta sake ganin gemun nan da tabon girar. Da wata ce ni, wataƙila da na tausaya mata. Na juya allon ya fuskance ta sosai, na matsar da kujerata don kada in tare mata komai. Ta dubi gadon, ta dubi inda rufi yake a da.

“Allah ya ji ƙansa,” ta ce.

“Amin,” na ce. “Sau biyu ke nan ina rasa shi, Yaya. Na farkon ne kawai ba ki da hannu.”

Ta naɗe dardumarta, ta ɗauki butarta da jakarta, ta fita ta tsakiyar mata masu cin masa. Tun daga ranar ba ta sake taka ɗakina ba, ni ma ban aika a kira ta ba.